Ƙofofin Zazzau: matattarar jama'ar birni

Duk wanda ya taso daga Tudun Jukun ko Tudun Wada zai shiga tsohon birnin Zariya, sai ya ratsa ta ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa, ko da kuwa bai ankara ba.

A yau direbobi da 'yan acaɓa sun fi sanin waɗannan ƙofofi a matsayin sunayen wuraren sauke fasinja. Amma shekaru ɗaruruwa su ne iyakar birni da daji. A bakinsu ake tarbar baƙo da rakiyar matafiyi, a nan ake karɓar kuɗin shiga daga fatake, ta nan kuma labari ke shigowa gari.

Ba Zariya kaɗai ke da irin waɗannan wurare ba. Kusan kowane tsohon gari a duniya yana da wani sanannen wuri da jama'a suka amince cewa abin da aka faɗa ko aka ƙulla a wurin ya zama na kowa.

A ƙauyukan Ingila na da, ginshiƙin dutse mai siffar gicciye ne ke yin wannan aiki. A birnin Zazzau kuwa an raba shi tsakanin ƙofofin ganuwa da ƙofar fada da masallacin Juma'a da kasuwa da kuma gindin manyan itatuwa.

Asalin ganuwa

Zazzau dai ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita ce ta fi sauran kusa da kudu. Labaran gargajiya sun nuna cewa sarakunanta sun zauna a Turunku da kuma gindin dutsen Kufena kafin su tare a inda birnin yake a yanzu.

Ana danganta ƙaurar da zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536, kuma ana cewa daga sunan Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina, birnin ya samo sunansa.

Masana tarihi sun saɓa a kan zamanin ita Aminar. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, yayin da wasu ke sanya ta a ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarin yaƙe-yaƙenta a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri.

Ko a wane ƙarni ta rayu, sunanta ya manne wa ginin ganuwa, har ta kai a sassa da dama na ƙasar Hausa akan kira tsohuwar katangar gari da sunan ganuwar Amina.

An ƙiyasta tsawon ganuwar birnin Zariya tsakanin kilomita 14 zuwa 16. Da ƙasa aka gina ta, ta faɗaɗa daga gindi ta tsuke daga sama, sannan a bayanta akwai gwalalo, wato rami mai zurfi da ake shuka ƙaya a cikinsa don hana dawaki ƙetarewa.

Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da rijiyoyi da kududdufai da wuraren kiwo, ta yadda idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya mutane za su iya jurewa tsawon lokaci.

Barazanar kuwa ba ta wasa ba ce. A ƙarni na 17 mayaƙan Kwararrafa sun sha kai hari ƙasar Hausa daga kudu, har suka shiga birnin Kano. Jukunawa su ne mutanen da aka fi dangantawa da wannan daula, kuma sunansu ne unguwar Tudun Jukun ke ɗauke da shi har yau.

Da yake ginin ƙasa ne, kowace damina sai ta zaizaye shi. Saboda haka gyaran ganuwa aikin gayya ne da akan yi bayan ɗaukewar ruwa, inda akan raba wa masu sarauta da mutanensu sashe-sashe. Wannan aiki shi kansa yana tunatar da kowa cewa ganuwa ta kowa ce.

Ƙofofi takwas

Ƙofofin da aka fi ambata guda takwas ne: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo wadda kuma ake kira Ƙofar Tukur-Tukur, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Galadima, Ƙofar Bai da Ƙofar Jatau.

Sunayen da kansu suna ba da labari. Wasu na garuruwan da hanyar ke nufa ne ko na mutanen da suka zauna kusa da wurin, wasu kuma na sarauta ne ko na wani mutum.

Kuyambana, alal misali, sunan wani tsohon gari ne. Galadima sarauta ce babba a tsarin mulkin Zazzau. Kona kuwa unguwar malamai ce da ta shahara da karatu tun kafin Jihadi, kuma har yanzu Limamin Kona na cikin masu zaɓen Sarki, tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a.

Ƙofar birni a wancan zamani ta yi kama da dogon zaure mai kaurin bango. Mashigarta ƙunƙuntacciya ce, daidai wucewar mahayi ko jaki da kayansa, don kada mahara su iya kutsowa da yawa a lokaci guda. Ƙyaurenta na katako ne mai nauyi da ake ƙarfafawa da ƙarfe.

Kowace ƙofa tana da mai tsaronta, wato Sarkin Ƙofa, wanda galibi gidansa na nan kusa. Shi ke rufewa idan dare ya yi, ya buɗe da asuba. Wanda ya makara sai ya kwana a waje.

Aikinsa bai tsaya ga buɗewa da rufewa ba. Shi ne idon Sarki da kunnensa a wannan ɓangare. Idan ayarin fatake ya iso, ko manzon wani sarki, ko baƙon da ba a san shi ba, daga ƙofa labari ke isa fada kafin baƙon ya isa masauki.

Haka Turawan farko da suka zo Zariya suka tarar da tsarin, cikinsu har da Hugh Clapperton, ɗan Birtaniya da ya ratsa birnin a 1826 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato.

Da yake kowa sai ya bi ta nan, bakin ƙofa ya zama 'yar kasuwa. Masu itace da ciyawa da matan Fulani masu nono sukan tsaya a nan, haka ma masu jiran ayari da masu bankwana da mahajjata, a zamanin da tafiya Makka a ƙasa kan ɗauki shekaru.

Ranar da ƙofa ta yanke hukunci

Akwai wani lamari a tarihin Zazzau da ke nuna nauyin kasancewa a ciki ko a wajen ganuwa.

Lokacin da Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya tunkari birnin, Sarkin Zazzau na lokacin shi ne Muhammadu Makau. Yawancin masana na sanya wannan a ƙarshen shekarar 1808.

Kamar yadda tarihin da zuriyar Makau suka adana ya nuna, Sarkin yana filin Idi a bayan gari tare da jama'arsa aka auka musu, bai kuwa sami damar komawa cikin birni ya tattara mayaƙansa ba. Daga nan ya nausa kudu.

Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka sauya wa suna zuwa Suleja bayan da aka zaɓi yankin a 1976 don gina sabon babban birnin Najeriya. Har yau Sarkin Suleja na amsa sunan Sarkin Zazzau.

A cikin birni kuwa sarauta ta koma hannun gidaje huɗu: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1902, Turawan mulkin mallaka suka shiga Zariya ba tare da sun fasa ganuwa ba. Sarki Kwasau ne ya nemi taimakonsu a kan hare-haren Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora. Ba a daɗe ba suka tuɓe shi, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903.

Daga Zariyar ce kuma rundunar Turawa ta tashi ta ci Kano a watan Fabrairun 1903. Tun daga lokacin aikin ganuwa na tsaro ya ƙare.

Ƙofar fada da masallaci

Idan ƙofofin ganuwa su ne bakin birni, filin ƙofar fada shi ne cibiyarsa.

A nan ake naɗin sarauta a gaban jama'a, domin rawanin da aka naɗa a ɓoye ba ya da shaida. A nan makaɗan fada ke busa kakaki da algaita a daren Juma'a. A nan kuma hakimai ke jahi ranar hawan Sallah, bayan Sarki ya dawo daga filin Idi da ke wajen Ƙofar Doka.

Kafin zuwan rediyo, umarnin Sarki kan fita ne ta hanyar gangami. Mai shela zai kewaya da makaɗinsa, ya tsaya a sanannun wurare kamar kasuwa da mararraba da bakin ƙofa, ya sanar da ganin wata, ko ranar aikin gayya, ko wata sabuwar doka. Da zarar an yi shela, ba wanda zai ce bai ji ba.

Daura da fada akwai babban masallacin Juma'a, wanda aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma akwai unguwa a birnin da ke amsa wannan suna.

Da ƙasa da azara ya gina shi, ya ɗora rufin a kan manyan ginshiƙai da bakuna masu lanƙwasa. Masana gine-gine na sanya shi cikin mafi ƙwarewar aikin maginan Hausa. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana taswirarsa, daga baya kuma aka gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Wani abin lura shi ne a cikin harabar masallacin har da ɗakin shari'a. Wato wurin ibada da wurin yanke hukunci da fadar mai mulki duk suna kallon juna.

Kasuwa da gindin itace

Kasuwar birni ita ce wuri na uku. Tana da Sarkin Kasuwa, kowace sana'a kuma da shugabanta, kamar Sarkin Pawa ga mahauta. Dillalai ne ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma cinikin da aka yi a gabansu aka ce albarka ya ƙullu.

Kasuwa ba wurin alheri kaɗai ba ce. A ƙarni na 19 Zazzau na cikin manyan hanyoyin cinikin bayi, kuma bayi na cikin gaisuwar da ake aikawa Sakkwato. Haka nan a biranen Hausa akan zartar da hukunci mai tsanani a bainar jama'a, don ya zama izina ga na baya.

A matakin unguwa kuwa, itatuwa ne matattara. Zariya ta yi suna da manyan rimaye, shi ya sa ake da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza. A inuwar irin waɗannan itatuwa, da ta durumi da ceɗiya, dattawa ke zama, a sasanta rigima, a raba goron ɗaurin aure, a karɓi gaisuwar mutuwa. Da dare kuma dandali ya zama na samari da 'yan mata.

Ko da itacen ya faɗi, sunan kan ci gaba da zama adireshi.

Gicciyen dutse a ƙauyukan Ingila

A Ingila, yawancin waɗannan ayyuka da aka lissafa sun taru ne a wuri guda.

Gicciye alama ce ta addinin Kirista, kuma tun a ƙarni na 8 mazauna tsibirin suka soma kafa shi da dutse a fili. Na garin Bewcastle da ke arewacin ƙasar na cikin mafi daɗewa da suka rage. A wurare da dama gicciyen ya riga cocin zuwa, domin a gindinsa masu wa'azi ke tara mutane kafin a sami halin yin gini.

Daga ƙarni na 10 zuwa na 16 abin ya bazu ko'ina. Hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ta ƙiyasta cewa yawansu ya haura 12,000.

Siffarsu kusan iri ɗaya ce: matakala ta dutse hawa biyu ko uku ko fiye, sai wani ƙaton dutse mai rami a tsakiya, sai dogon ginshiƙi da aka dasa a ramin, sai kan da aka sassaƙa.

Inda aka kafa shi ne ke nuna aikinsa. Na harabar coci wurin tsayawa ne idan ana zagayen ibada, musamman a ranar Lahadin da ke gabanin bikin Ista. Na bakin hanya yana nuna wa matafiyi hanya, kuma masu ɗauke da gawa kan huta a gindinsa su yi addu'a. Wasu kuma suna nuna iyakar gari da gari ko iyakar gonakin coci.

Akwai wasu kwanaki uku a kowace shekara da mutanen ƙauye kan zagaya iyakokinsu tare da limaminsu suna roƙon albarkar amfanin gona, suna yada zango a gindin waɗannan duwatsu. Ta haka yara ke sanin inda ƙasar garinsu ta tsaya.

Mafi tasiri a rayuwar yau da kullum shi ne na tsakiyar kasuwa. A wancan zamani gari ba ya cin kasuwa sai da takardar izinin sarki, kuma gicciyen na nuna wurin da aka amince a yi ciniki. Ana ganin alkawarin da aka ƙulla a gindinsa ya fi wuyar warwarewa.

A kan matakalarsa mata ke baza ƙwai da man shanu, a nan mai shela ke karanta umarnin sarki, kusa da shi kuma sau da yawa ake kafa turun da ake sanya masu laifi don jama'a su gani.

Wasu garuruwan sun yi masa rumfa ta dutse. Na birnin Chichester, wanda wani babban limamin coci mai suna Edward Story ya gina a 1501, an yi shi ne don talakawa su sami inda za su fake su sayar da kayansu ba tare da biyan kuɗin kasuwa ba.

Waɗanda suka fi shahara su ne guda 12 da Sarki Edward na Ɗaya ya sa aka gina bayan rasuwar matarsa Eleanor a 1290, ɗaya a kowane zangon da aka kwana da gawarta a hanyar zuwa Landan. Na ƙarshe shi ne na Charing, kuma daga inda ya tsaya ake auna nisan garuruwa zuwa Landan har yau.

Yadda aka rushe su

Ba ruwa da iska ne suka fi yi wa waɗannan duwatsu ɓarna ba, mutane ne.

Bayan da Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma a 1534, masu tsattsauran ra'ayi a ɗariƙar Furotesta suka soma kallon gicciyen da aka sassaƙa wa siffofi a matsayin gumaka. A garin Banbury an farfasa su a 1600.

A lokacin yaƙin basasar ƙasar, majalisar dokoki ta ba da umarni a 1643 a kawar da su. A shekarar aka rushe na Cheapside da ke Landan, na Charing kuma ya bi baya a 1647. Wanda ake gani a gaban tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross a yau sabon gini ne na 1865. Daga cikin goma sha biyun Eleanor uku kacal suka tsira, a Geddington da Hardingstone da Waltham.

Waɗanda suka kuɓuta daga rikicin addini kuma sai faɗaɗa hanya ta ci su, ko aka kwashe duwatsun aka yi gini da su. Ƙasa da 2,000 ake jin sun rage, da yawansu kuwa kututture ne kawai ba kai.

Amma akwai inda jama'a suka tsaya. A 1770 hukumomin birnin Winchester suka sayar da gicciyen kasuwarsu ga wani attajiri, sai mutanen gari suka yi bore suka hana a ɗauke shi. Yana nan a wurinsa har yanzu.

Sai a 1882 Birtaniya ta yi dokarta ta farko ta kare kayan tarihi, wadda aka yi ta faɗaɗawa daga baya. Yanzu laifi ne a taɓa wanda aka yi wa rajista ba da izini ba.

Wani ɓangare na tsohon aikinsu ma bai mutu ba. A watan Satumban 2022, a gindin gicciyen kasuwar Edinburgh, babban birnin Scotland, aka yi shelar hawan Sarki Charles na Uku, kwanaki bayan duniya duka ta riga ta ji a rediyo da talabijin.

Kama da bambanci

Ta fuskar aƙida babu abin da ya haɗa gicciye da ƙofar birni. Ɗaya alamar addini ce, ɗaya kuma ginin tsaro, kuma Musulmin Zazzau ba su san al'adar kafa sassaƙaƙƙen dutse don ibada ba.

Kamannin na cikin buƙatar da suka biya ne. A al'ummar da yawancin mutane ba sa ajiye takardar ciniki ko ta yarjejeniya, idon jama'a shi ne shaida, kuma dole a sami wurin da aka san jama'a za su gani.

Wani bambancin shi ne na kayan gini. Dutse kan yi shekaru ɗaruruwa ko ba a kula da shi ba. Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa ne muddin ana yaɓe shi, da zarar an daina sai ya koma inda ya fito.

Halin da ake ciki

Tun farkon ƙarni na 20 rayuwar Zariya ta soma fita bayan ganuwa. Zuwan jirgin ƙasa ya haifar da Sabon Gari, Tudun Wada ta cika da baƙi daga sauran sassan Arewa, kuma 'yan mishan da Dakta Walter Miller ya jagoranta, waɗanda suka zauna a cikin birni tun 1905, suka koma Wusasa wajen 1929.

An soma buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962. Jarida da rediyo suka karɓe aikin mai shela, kamar yadda wayar salula ke karɓe nasu a yanzu.

Ƙofofin da aka yi domin jaki da doki ba su iya ɗaukar mota ba, saboda haka aka faɗaɗa su, wasu aka sake gina su da siminti. Ita kuwa ganuwar, da aka daina aikin gayyar gyaranta, sai ta soma zubewa. A wurare da yawa an ɗebe ƙasarta an yi tubali, an cike gwalalo da shara, an gina gidaje a inda take.

Ganuwar na cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da ke ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979. Sai dai sanya suna a takarda bai hana ruwan sama da masu neman fili aikinsu ba. Irin wannan matsala ce ke damun badalar Kano da ganuwar Katsina.

Masallacin Babban Gwani ma bai tsira ba. A shekarun 1970 an kewaye shi da sabon gini na siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. Ranar Juma'a 11 ga watan Agustan 2023, wani ɓangare na rufin ya rufta a kan masallata ana sallar La'asar, inda aƙalla mutum bakwai suka rasu. Bayan haka ne aka shiga shirin sake gina shi, a zamanin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya gaji Shehu Idris a 2020.

Abin da bai gushe ba shi ne sunaye da al'adar taruwa. Babban asibitin Hajiya Gambo Sawaba an fi saninsa da asibitin Ƙofar Gayan. Bazazzagi na haihuwa yakan bambanta ɗan birni da mazaunin waje da ganuwar da wataƙila bai taɓa ganin tsayinta ba. Ranar Sallah kuma dubban mutane daga Tudun Jukun da Gyallesu da Sabon Gari da Samaru kan yi tururuwa zuwa Ƙofar Doka da ƙofar fada don kallon hawa.

Ingila ta yi asarar fiye da kashi huɗu cikin biyar na gicciyenta na dutse kafin ta soma kare sauran. A Zariya akwai sauran sassan ganuwa da ke tsaye, akwai kuma magina da suka gaji aikin ƙasa da azara daga iyayensu. Kowace damina da ta wuce ba a yi yaɓe ba, abin da ya rage na ƙara raguwa.